Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC)



Ɗan kasuwa a Kantin Kwari yakan yi wa shagonsa rajistar kamfani, yana zaton an gama. Ashe yanzu aka fara. Duk shekara sai ya shigar da rahoto, ya biya kuɗinsa, ya sallami wakilin da ya cike masa takardu a intanet, ko da bai yi cinikin kwabo ba. In ya makara, tara ta hau kamfanin da daraktocinsa.

Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni tilascin ɗaukar mai binciken kuɗi, mun gode. Amma tarar nan tana kashe gwiwa. Don Allah ku bayyana batun rahoton shekara da tararsa da Hausa tun ranar rajista, ku kuma sassauta wa kamfanin da bai fara aiki ba.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Kano