Firij ɗin da aka yi wa kiranye a Landan, wa zai gaya wa mai shi a Kano?

A watan Nuwamban 2015 kamfanin Whirlpool, wanda ya sayi Indesit shekara guda kafin nan, ya sanar da mutanen Birtaniya cewa injinan busar da tufafi sama da miliyan 5 masu tambarin Hotpoint da Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera tsakanin Afrilun 2004 da Satumban 2015, suna iya kamawa da wuta. Burbushin zaren da ke fita daga tufafi ne yake taruwa har ya taɓa ƙarfen da ke ɗumama iska. Amma kamfanin bai ce a daina amfani da su ba, cewa ya yi a ci gaba, kada dai a bar injin yana aiki ba kowa a kusa, har masu gyara su iso. A watan Agustan 2016 ɗaya daga cikin injinan ya tayar da gobara a wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush da ke Landan. Sai a Fabrairun 2017 aka ce wa mutane su zare filogi, kuma sai a Yulin 2019, bayan gwamnati ta matsa lamba, aka yi cikakken kiranye. Kusan shekara huɗu ke nan daga ranar da aka amsa cewa akwai matsala.

Wannan fa a ƙasar da kowane gida yake da lamba, wasiƙa take isa ƙofar mai ita, majalisa kuma take iya kiran shugabannin kamfani ta titsiye su. Duk da haka ƙungiyar Electrical Safety First ta daɗe tana cewa idan aka yi kiranyen kayan lantarki a Birtaniya, abin da ke dawowa yawanci bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfani ya san abin da ya ƙera, ya san dillalin da ya sara, amma bai san ɗakin da kayan suka ƙare ba. Mai saye bai yi rajista ba, ko ya tashi daga gidan, ko ya sayar wa wani. Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗauki kiranye a matsayin sanarwar da mai gida zai je ya nemo da kansa. Kiranye aikin bin sawu ne, kuma wanda ya ci riba a kan kayan shi ya kamata ya bi sawun.

Mu a nan abin ya shafe mu ne ta hanyar gwanjo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne ke shigowa Nijeriya a shekara, kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai, akasari an cusa su cikin motocin gwanjo. Jamus da Birtaniya ne kan gaba. Injin busar da tufafi ba damuwarmu ba ce, rana tana mana wannan aikin kyauta, amma firij damuwarmu ce. A 2011 'yan kwana-kwanan Landan suka yi gargaɗi kan firij ɗin Beko kusan 500,000 da aka ƙera daga Janairun 2000 zuwa Oktoban 2006, domin ruwa yana iya shiga na'urar da ke tsara lokacin narkar da ƙanƙara, ta yi zafi ta kama. Firij mai waɗannan shekarun shi ne daidai wanda Bature yake fitarwa ƙofar gida idan ya sayi sabo, kuma shi ne daidai wanda ake gogewa a kasuwar Alaba ta Legas a loda shi zuwa arewa da sunan ɗan Beljiyam mai ƙarko. Tsohon firij da tsohon kwamfireso suna cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su, Ghana ma ta fara aiwatar da irin wannan haramci a 2013. Sai dai haramcin da bai hana kaya shigowa ba yakan ƙara ɓatar da sawunsu ne kawai, domin abin da ya shigo a ɓoye ba ya zuwa da takarda.

Sabon kaya ma bai tsira ba. A ɗauki kayan ɗakin amarya: uba ko kawu ne ya biya, wata gwaggo ce ta je kasuwa ta zaɓo firij da dutsen guga da butar dafa ruwa, kwalin da takardun an watsar ranar jere, rasit kuwa in ma an bayar yana aljihun wanda ba zai taɓa kwana a gidan ba. Bayan shekara biyu buƙata ta taso, dillaliya ta ɗauki firij ɗin ta kai wani gida. Ko kamfanin yana da niyya mai kyau, ta ina zai fara? Doka dai tana nan. Dokar da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ɗora wa mai ƙera kaya da mai rarraba su nauyin sanar da jama'a da janye kayan idan aka gano haɗari a tare da su. Mun kuma ga cewa ana iya yi, domin a Afrilun 2024 da NAFDAC ta janye wani rukuni na maganin tarin yara na Benylin, cikin 'yan kwanaki labarin ya zagaye gari. Ba a saba jin irin wannan sanarwa a kan fanka ko firij ba, alhali firij a jone ake barinsa dare da rana, ko ana barci, kuma soson da ke cikin bangonsa abinci ne ga wuta.

Abin da ake buƙata bai kai a kafa sabuwar hukuma ba. Duk wanda ke shigo da kayan lantarki, sabo ko gwanjo, a wajabta masa duba lambar samfuri da lambar siriyal a jerin kayan da aka janye kafin ya sa su a kasuwa. Jerin a buɗe yake ga kowa: Tarayyar Turai tana da Safety Gate, Birtaniya tana da nata a shafin gwamnati, Amurka tana da na hukumar CPSC. Duk shagon da ya sayar da firij ko injin wanki ya rubuta lambar kayan da lambar wayar mai saye a littafi, tunda lambar waya ita ce adireshin da kusan kowa yake da shi. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, da FCCPC su riƙa tace waɗannan sanarwowi, su fitar da waɗanda suka shafi kayan da ke kasuwanninmu, a karanta su da Hausa a rediyo. Sannan a jawo masu gyaran firij na bakin titi a jiki, domin babu wanda yake leƙa bayan firij ɗin mutane kamarsu.

Za a ce ai gobararmu ba daga kamfani take ba, daga wutar NEPA ce da ake kawowa da ƙarfi tsakar dare, da siririyar waya ta jabu, da soket ɗaya da aka ɗora wa kaya biyar, da hitar da aka manta a bokiti lokacin sanyi. Gaskiya ne, kuma waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Na'urar da ta kasa jure tsayayyiyar wutar Ingila, yaya za ta yi a gidan da wuta ke hawa da sauka, a sauya daga layi zuwa janareta sau da yawa a yini, ga ƙurar hunturu tana toshe kafofin iska? Banda haka, da yake duk gobarar da ta tashi cewa ake yi wutar lantarki ce, a jajanta a watse, kayan da ke da aibi tun daga masana'anta suna samun mafaka. Allah ne mai kiyayewa, amma faɗin haka bai hana a tambayi wace na'ura ce ta fara kamawa ba. Gobarar benen Grenfell da ke Landan ta 14 ga Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72, masu bincike sun bi ta har zuwa firij guda a hawa na huɗu, kodayake kayan da aka lulluɓe bangon ginin da su ne suka mayar da ita bala'i.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Mutum ya duba, ya ga firij ɗinsa yana cikin jerin, sai me? Kamfanin da ke Turai ba zai aiko masa da injiniya Gusau ko Maraɗi ba, mai shagon gwanjo zai ce saye ya ƙare, shi kuma da kuɗin ƙanƙara da zoɓon da ke cikin firij ɗin ake cefane. Ba wanda zai yar da shi don wata takarda da aka rubuta a Landan. Na yarda. Sai dai yawancin irin waɗannan matsaloli a ƙaramin sashe guda suke, kamar na Beko ɗin nan, kuma sanarwar kiranye takan faɗi sashen. Wanda ya sani zai iya kai wa mai gyara ya canza shi, ya fitar da firij ɗin daga ɗakin da yara ke kwana, ya nisanta shi da labule da katifa da jarkar fetur ɗin janareta, ya tabbatar bai tsaya a kan hanyar fita ba, musamman a gidajenmu da tagogi suke da ƙarafan hana ɓarayi. Lambar da za a duba a jerin tana kan wata 'yar takarda da aka manna a bangon ciki kusa da aljihun kayan miya, ko a baya wajen kwamfireso. Idan dillali ya kankare ta ko ya hana a ɗauki hotonta kafin a biya, a bar masa kayansa a leƙa shago na gaba.