Kewar Mariyo Muke Yi, ko Kewar Zaure?

Duk inda malamai sa'o'inmu suka zauna, daga Ruwan Gizo zuwa Talata Mafara, Bakura da Maradun, da wuya hira ta watse ba a tuna da gem ɗin talabijin ba. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da na'urar Famicom a 1983, wasan Super Mario Bros ya biyo baya a 1985. Abin da ya iso hannunmu bayan shekaru kuwa jabunta ne ƙirar Sin, tare da bindigar roba ta harbin agwagwa da kaset mai ruwan ɗorawa, mai alƙawarin wasanni dubbai alhali ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

A ganinmu, zaman da na'urar ta haɗa shi ne abin kewar. Da ƙyar unguwa ke samun gida ɗaya mai ita, madannai kuma biyu ne kacal. Sai yara su cika zaure, kowa na jiran layinsa. Wanda Mariyonsa ya ƙare a rami ya miƙa wa na gefe, ko da ɗan mai gida ne. Na'urar ba ta ajiye inda aka tsaya. NEPA na ɗauke wuta, an koma farko ke nan. A nan muka koyi haƙuri, da shan kaye ba tare da dambe ba, da sake gwadawa. Kiran sallar magariba ne ke tashin taro.

Ɗalibanmu na yau sun rasa wannan zaure. Tun bayan sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe cikin Fabrairun 2021, da ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, iyaye suka ƙara tsare yara a gida, kuma da gaskiyarsu. Mai hali ya ba ɗansa waya. Yaro ya duƙufa a kanta shi kaɗai, babu layi, babu idon babba, wani ma ta nan yake sanin hanyar caca. Sakamakon na bayyana a aji: ɗalibi ya faɗi lissafi sau ɗaya ya ajiye biro.

Za a ce gem ɗin ma ya ci lokacin karatu, ya sa wasu sun sha bulala. Haka ne. Sai dai a bainar jama'a ake buga shi, kuma yana da lokacin tashi.

Don haka muke kira ga reshenmu na NUT da ƙungiyoyin iyaye da malamai su dawo wa makaranta da lokacin wasa na sosai, da rana, cikin harabarta, malami na kallo: ƙwallo, langa, dara, har da gem a inda akwai kwamfuta, muddin layi za a bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya raya mana zuriya.