Magen da ke kwana a kwandon ƙwallaye

Duk wanda ya ce golf wasan masu hannu da shuni ne bai yi ƙarya ba, sai dai ya faɗi rabin magana. Turawan haƙar kuza ne suka kafa filin Rayfield a Jos tun 1913, don nishaɗin kansu. Amma tun daga wancan zamani akwai wasu bayin Allah da ba su taɓa zama 'yan kulob ba, alhali a gefen filin suke cin abinci: masu ɗaukar jaka, masu gyaran fili, da yaran da ke tsintar ƙwallon da ya ɓace a ciyawa.

Kawuna yana cikinsu. Shekara da shekaru yana saɓa jaka mai sanduna 14 yana bin Bature rami 18, har ya tara abin da ya buɗe ɗan shago. A lokacin, kewayen rami a filayenmu na Arewa ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, sai an share shi ya kwanta kafin a buga. Kawu ya san halin wannan yashi fiye da masu biyan kuɗin kulob, ko da yake ba wanda ya taɓa tambayarsa.

A shagon akwai kwando na tsofaffin ƙwallaye da yake saye a hannun yara, ya wanke ya sayar. A ciki wata farar mage take kwana. Don ɓeraye aka kawo ta, ta zama mai shago. Kowa ya zo sayen ƙwallo sai ya jira Kawu ya lallashe ta ta tashi, manyan ma'aikata ma haka suke tsayawa. Ranar da ta mutu bai buɗe shago ba sai bayan la'asar. Da ribar kwandon nan aka biya wa mu uku kuɗin jarrabawa.

Abin da ya tuno mini da su shi ne yadda ake yanka filayen wasa da na shan iska a biranenmu ana rabawa fuloti-fuloti. In aka zo kan filin golf, jama'a kan yi shiru, wai ai na manya ne. To, manyan suna da Abuja, suna da Dubai. Mai ɗaukar jaka ba shi da wani filin, kuma manyan itatuwan da suka rage a unguwa da dama, a nan suke tsaye.