Filin Wasanni: Wa Zai Ɗauki Kofin Jar Ƙasa A Birnin Paris?

Da zarar watan Mayu ya kama, sai hankalin ma'abota wasan tanis na duniya ya koma birnin Paris na ƙasar Faransa, inda akan yi gasar nan ta Roland Garros daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Cikin manyan gasa huɗu na shekara ita kaɗai ce ake bugawa a kan jar ƙasa. Ta Wimbledon a kan ciyawa ake yin ta, ta Ostareliya da ta Amurka kuwa a kan daɓe mai tauri. Tun kafin a ɗaura raga masu hasashe sukan cika gari, kowa da gwaninsa. Shekaru da dama wannan aiki ba shi da wuya ko kaɗan, gama sunan mutum ɗaya ake ambata a tashi. Rafael Nadal na ƙasar Sifen ya ci kofin sau 14 tsakanin 1 ga jerin nasarorinsa cikin 2005 da na ƙarshe cikin 2022, ya buga wasa 116 a gasar, sau huɗu kacal aka ka da shi. To, ya yi ritaya cikin watan Nuwamba na 2024, saboda haka yanzu tilas mai hasashe ya yi gumi kafin ya buɗe baki.

Mu fara da ƙasar kanta, don ita ce alƙalin farko. Abin da ake gani ja a filin nan garin jan bulo ne da aka niƙa, kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, an barbaɗa shi a kan farin dutse da aka daddage, ƙarƙashinsa kuma akwai tsakuwa don ruwa ya tsiyaye. Idan ƙwallo ya faɗi a kan wannan gari sai ya rage gudu, ya yi tsalle sama, wani lokaci har kafaɗar mutum. Bugun da zai wuce abokin karawa kamar walƙiya a kan ciyawa, a nan sai ya cim masa ya maido shi. Don haka maki ɗaya yakan ci bugu ashirin ko fiye, kuma ɗan wasa ba ya tsayawa cak in ya kai ga ƙwallo, zamewa yake yi a kan ƙasar yana bugu yana cikin zamiya. Wanda bai koyi wannan zamiya tun yana yaro ba, da wuya ta zauna masa a ƙafa bayan ya girma.

Manyan gwanaye da yawa sun sha ƙasa a nan. Pete Sampras na Amurka ya ci manyan kofuna 14, bakwai daga ciki a Wimbledon, amma a Paris iyakar inda ya taɓa kaiwa shi ne wasan kusa da na ƙarshe cikin 1996. John McEnroe sau uku kaɗai aka ka da shi a shekarar 1984 gaba ɗayanta, ɗaya daga cikin ukun nan kuwa shi ne wasan ƙarshe na Paris, inda ya riga ya yi gaba da nisa, Ivan Lendl ya biyo shi a sannu ya wuce. Connors da Becker da Edberg duk sun gama zamaninsu ba su ɗaga wannan kofi ba. Saboda haka duk wanda ya ɗauko jerin gwanayen duniya ya nuna na ɗaya ya ce ga mai cin kofi nan, bai faɗi kome ba tukuna, gama yawancin makin da ke cikin jerin nan a kan daɓe aka tara shi.

Hausawa suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne, amma fa sai mutum ya san Larabar da zai duba. Kafin a isa Paris akan yi gasa a kan jar ƙasa a Monte Karlo da Basalona cikin Afrilu, sa'an nan Madrid, sa'an nan Roma cikin Mayu. Ni dai ba na ba Madrid nauyi sosai. Birnin yana kan tudu, fiye da mita 600 daga gaɓar teku, iskarsa ba ta da kauri, ƙwallo yana tafiya da sauri, masu ƙarfin bugu su ke more ta. Shi kansa Nadal da ya ci Monte Karlo sau 11, ya ci Roma sau 10, a kan jar ƙasar Madrid sau huɗu ya ci. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci Madrid cikin 2022, mutanen Afirka suka sa rai, aka fitar da ita a zagayen farko a Paris. Andrey Rublev ya ci cikin 2024 ya faɗi a zagaye na uku, Casper Ruud ya ci cikin 2025 ya faɗi a zagaye na biyu yana fama da gwiwa. Roma ta fi kama da Paris wajen yanayi da nauyin fili, amma ita ma tana da nata rikicin: Daniil Medvedev ya ɗauki kofinta cikin 2023, bayan 'yan kwanaki wani ɗan Barazil da ya shigo ta wasannin share fage ya sallame shi a zagayen farko.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A waɗannan garuruwa wanda ya fara cin turmi biyu, in mun ari kalmar 'yan dambe, shi ya ci wasa. A Paris kuwa maza sai sun ci turmi uku cikin biyar, kuma mutum 128 ke shiga, watau mai neman kofi sai ya ka da mutum bakwai cikin mako biyu. Ɗan wasan da hannunsa ya yi zafi yana iya ruɗa gwani na sa'a ɗaya da rabi, amma ruɗa shi na sa'a huɗu wani abu ne dabam. Shi ya sa daga 2005 zuwa 2025, shekara 21 ke nan, mutum biyar ne kaɗai suka ci kofin maza: Nadal, Federer, Wawrinka, Djokovic da Alcaraz. Zamanin da Gustavo Kuerten na Barazil ya zo yana na 66 a duniya ya kwashe kofi cikin 1997 ya yi nisa. Mai hasashe na gaskiya, a ɓangaren maza, cikin 'yan tsirarun da aka riga aka ga ƙafarsu ta jure turmi biyar zai yi zaɓensa, sa'an nan ya tambayi lafiyar jikinsu.

In an bi wannan ma'auni, sunan farko shi ne Carlos Alcaraz na Sifen, wanda aka haifa cikin 2003, ya kuma ci kofin cikin 2024 da 2025. Duk abin da jar ƙasa ke nema yana da shi: yana murɗa ƙwallo ya tashi sama, yana da gudu, ga shi da wata dabara ta ajiye ƙwallo a gindin raga bayan ya kora abokin karawa can baya. Abin da ya fi wannan kuwa shi ne zuciya. Ran 8 ga watan Yuni na 2025 Jannik Sinner ya ci shi turmi biyu na farko, a turmi na huɗu kuma sau uku maki ɗaya ya rage a miƙa wa Sinner kofi, Alcaraz ya tsame kansa, ya ci wasan bayan sa'a 5 da minti 29, wasan ƙarshe mafi tsawo da aka taɓa yi a gasar. Inda yake da rauni shi ne jiki da kuma shagala. Cikin 2023 jijiyoyinsa suka ɗaure a wasan kusa da na ƙarshe da Djokovic, ya ƙarasa yana ɗingishi. Cikin 2024 ciwon hannu ya hana shi zuwa Monte Karlo da Basalona da Roma, duk da haka ya ci Paris, abin da ke nuna cewa irinsa ba a auna shi da sakamakon Afrilu. Muddin ya shiga fili da ƙoshin lafiya, shi ne gwanina.

Sinner na Italiya shi ne na biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kaurin garin bulon nan ba. An san shi da daɓe, inda ya ci Ostareliya cikin 2024 da 2025, ya ci Amurka cikin 2024, har wasu suna cewa jar ƙasa ba tasa ba ce. Wannan magana ta mutu cikin 2025. Ya dawo daga dakatarwar wata uku da aka yi masa kan batun wani magani da aka haramta, ya kai wasan ƙarshe a Roma, ya zo Paris ya ka da mutum shida ba wanda ya ci shi ko turmi ɗaya. Mako biyar bayan baƙin cikin nan na ran 8 ga Yuni ya rama a kan Alcaraz a wasan ƙarshe na Wimbledon, wanda ke nuna faɗuwar ba ta karya shi ba. Abin da ya rage a gani kawai shi ne yadda zai yi in wasa ya haura sa'a huɗu, gama a nan ne ya sha yin asara.

Novak Djokovic na Sabiya ba a raina shi. Ya ci kofin cikin 2016 da 2021 da 2023, ya ka da Nadal sau biyu a gasar, ya kuma ci zinariyar Olimfik a wannan fili cikin 2024. Amma an haife shi cikin 1987, kuma shekaru ba sa jin lallashi. Cikin 2024 ya buga turmi biyar sau biyu a jere, ɗaya har bayan ƙarfe uku na dare, gwiwarsa ta samu rauni, ya janye aka yi masa aiki. Yana iya ka da ɗaya daga cikin samarin nan biyu a rana mai kyau. Ka da su duka biyu cikin kwana uku, wannan ne nake shakka. Alexander Zverev na Jamus ya kai wasan ƙarshe cikin 2024, har ya yi gaba da turmi biyu da ɗaya, ya saki. Yakan ja da baya a daidai lokacin da ya kamata ya matsa. Lorenzo Musetti yana da hannu mai kyau ƙwarai, sai dai ciwon ƙafa ya fitar da shi a wasan kusa da na ƙarshe cikin 2025.

Wajen mata lissafin ya sake, don su turmi biyu cikin uku suke yi, ƙofar ba-zata a buɗe take. Daga 2014 zuwa 2021 mata takwas dabam-dabam ne suka ci kofin cikin shekara takwas. Cikin 2025 ma wata 'yar Faransa, Lois Boisson, tana ta 361 a duniya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Iga Swiatek ta Polan ta ci sau huɗu, 2020 da 2022 da 2023 da 2024, kuma babu wadda ta fi ta iya zamiya, amma tsoron da ake ji mata ya ragu tun da Aryna Sabalenka ta ka da ita cikin 2025. Ita Sabalenka ƙarfi gare ta kamar guduma, sai dai a wasan ƙarshe na shekarar nan iska ta taso, ta yi kuskure 70 da hannunta, Coco Gauff ta Amurka ta yi ta maido mata ƙwallo har ta ci. Abin lura, Gauff ta faɗi a wasan ƙarshe na Madrid, ta faɗi a na Roma, sa'an nan ta ci Paris. Kai wa ƙarshe mako bayan mako ya fi kofi ɗaya nuna inda ƙafa take. Duk da haka in aka matsa mini, Swiatek zan ambata, Gauff na biye.

Su masu masauki kuwa, har zuwa 2025 babu namijin Faransa da ya sāke cin kofin tun Yannick Noah cikin 1983. Mahaifinsa ɗan Kamaru ne, kuma a birnin Yawunde ne Arthur Ashe ya gan shi yana yaro yana wasa cikin 1971, ya sa aka kai shi Faransa horo. 'Yan kallon Paris suna iya ɗaga ɗan ƙasarsu zagaye biyu ko uku da ihu, ba su iya ba shi ƙafar mako biyu.

Saura abu biyu da ba a sani sai gab da farawa. Na farko yanayi: in rana ta buɗe fili ya bushe, ƙwallo yana tashi sama, abin da Alcaraz da Swiatek ke so ke nan, in an yi ruwa da sanyi, ko aka sa wasa da dare kamar yadda ake yi tun 2021, ƙwallo yakan yi nauyi ya kwanta, sai mai miƙaƙƙen bugu irin Sinner ya samu sarari. Na biyu ƙuri'ar da ake jefawa 'yan kwanaki kafin gasa don raba abokan karawa. Ranar da ta fito, ku fara duba ɓangaren da tsofaffin hannu irin su Djokovic da Zverev suka faɗa, gama gwanin da ya gamu da su a hanya zai iso wasan ƙarshe da gajiyar da ɗan'uwansa bai ɗauko ba.