Furfura a Kiɗan Samari

Kiɗan rok ba a shirya shi don masu furfura ba. Da ya ɓullo a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma tsallaka Ingila ya yi ƙarfi a shekarun 1960, samari ne ke yi wa samari: jita mai ƙara, ganga mai dukan ƙirji, tsalle a kan dandamali, da waƙoƙin soyayya da na bijire wa manya. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin ranar da waɗannan yaran za su haura saba'in suna riƙe da jitar. Ranar kuwa ta zo tuntuni, har an samu tazarar da mutum zai waiwaya ya ga wa ya yi me da tsufansa.

A cire son rai, yawancinsu aikin ƙuruciyarsu ya fi. Ƙungiyar Rolling Stones ta kafu a Landan a 1962, kuma faya-fayan da aka fi jinjina mata a kansu ta fitar da su ne tsakanin 1968 da 1972, lokacin Mick Jagger da Keith Richards ba su cika talatin ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wancan lokaci yunwar suna tana cin su, kullum suna tare, ga takwarori irin su Beatles da ake gasa da su, ga salon kansa sabo ne, duk inda aka taka sabuwar ƙasa ce. Daga baya kuɗi ya zo, kowa ya yi gidansa a wata ƙasa, haɗuwa ta koma sai an tsara. A 2023 sun fitar da Hackney Diamonds, Jagger yana da shekara 80, bayan shekara 18 ba su yi kundin sabbin waƙoƙi ba, kuma bayan rasuwar makaɗin gangarsu Charlie Watts a 2021. Aiki ne mai tsafta, kuma ƙarfin jikin Jagger abin mamaki ne. Amma idan ka saurara da kyau, ƙoƙarin da ke ciki shi ne a nuna maka cewa shekaru ba su taɓa su ba. Ni kuwa abin da na fi so in ji daga bakin ɗan tamanin shi ne inda shekarun suka taɓa shi. Shi ya sa na fi ƙaunar Blue & Lonesome na 2016, wanda suka ɗauka cikin kwana uku, suka rera tsofaffin waƙoƙin bulus na baƙaƙen Amurka da suka taso suna koyo. A nan ba su da abin da za su tabbatar wa kowa.

Johnny Cash ya bi wata hanya, ko in ce hanyar ce ta tilasta masa. Ya fara a kamfanin Sun na birnin Memphis a 1955, inda Elvis Presley ma ya fara, ya yi tashe, ya yi shahararren wasansa a gidan yarin Folsom a 1968. A 1986 kamfanin Columbia ya sallame shi bayan kusan shekara talatin, don faifansa ya daina sayuwa. Sai ga Rick Rubin, matashin da aka sani da shirya kiɗan rap da rok mai tsananin ƙara, ya zaunar da shi a falon gidansa ya ce ya ɗauki jita ya rera abin da ransa ke so. Abin da ya fito a 1994 murya ce da jita kawai, ba ƙari. Daga nan suka ci gaba har zuwa 2002, da Cash ya rera Hurt, waƙar da Trent Reznor ya rubuta yana matashi a kan ƙuncin rai da shaye-shaye. A bidiyon waƙar, Cash yana zaune gaban tebur cike da abinci, fuska ta kumbura da ciwo, hannu yana rawa, ya ɗaga kofi ya tsiyaye abin da ke ciki a kan teburin. Ana nuna tsohon gidan tarihinsa da aka rufe, faifan yabo ya tsage a cikin gilashi, ana kuma sako hotunansa yana saurayi mai faɗin kafaɗa. Matarsa June tana tsaye a kan matakala tana kallonsa. Ta rasu a Mayun 2003, shi kuma ya bi ta a Satumba yana da shekara 71. Muryar ta shaƙe, numfashi ba ya kaiwa ƙarshen baiti, kuma ba a yi dabarar ɓoye ko ɗaya ba. Cash na 1956 ya fi wannan murya nesa ba kusa ba, amma ba zai iya rera wannan waƙa ta shiga jiki haka ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Akwai wasu da suka yi irin wannan. Bob Dylan, bayan shekaru ana cewa ya ƙare, ya fitar da Time Out of Mind a 1997 da murya kamar ta mai mura, ya ci Grammy ta kundin shekara. David Bowie ya tara makaɗan jaz na New York ya yi Blackstar yana fama da ciwon daji a ɓoye. Kundin ya fito ranar 8 ga Janairun 2016, ranar da Bowie ya cika 69, bayan kwana biyu ya rasu.

Mu da muka tashi da jin Mamman Shata wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Shata ya yi waƙa har tsufa, babu wanda ya nemi ya koma saurayi, shekaru ma ƙara wa maganarsa nauyi suka yi. Rok ne ya ɗaura darajar mawaƙi a kan ƙuruciya, kuma rabin laifin na masu sauraro ne. Wanda ya biya kuɗi mai yawa ya shiga filin wasa, sau da yawa ƙuruciyarsa ya je nema. Da an fara sabuwar waƙa sai ka ga ana tashi sayen abin sha. Mawaƙin da ya ga haka dare bayan dare, da wuya ya yi ƙarfin halin ba mutane abin da ba su roƙa ba.

Shi ya sa Robert Plant, mawaƙin ƙungiyar Led Zeppelin, yake burge ni. Led Zeppelin ta watse a 1980 bayan mutuwar makaɗin ganga John Bonham. A Disambar 2007 suka haɗu dare ɗaya a zauren O2 na Landan, ɗan marigayin, Jason, yana kan ganga, miliyoyin mutane suka nemi tikitin da bai wuce na dubu ashirin ba. An sauke sautin wasu waƙoƙi don muryar Plant ta kai, wasan kuma ya yi kyau. Kowa ya zaci za a zagaya duniya a kwashi dukiya. Plant ya ƙi. Dama ya daɗe da karkata wani waje: a 2003 ya je har Essakane, a hamadar Mali kusa da Timbuktu, ya yi wasa a bikin da Ali Farka Touré da Tinariwen suka halarta. A 2007 ɗin kuma ya riga ya fitar da Raising Sand tare da Alison Krauss, yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, muryarsa tana bin ta mace ba tare da ihun da aka san shi da shi ba. Kundin ya ci Grammy biyar a 2009, suka sake yin wani, Raise the Roof, a 2021. Bai yi watsi da tsofaffin waƙoƙinsa ba. A rangadinsa da Krauss a 2008 ya riƙa rera Black Dog, wadda a 1971 yake ƙwala ta da iyakar maƙogwaro, amma ya rage mata gudu, aka sa mata banjo, ya mayar da ita daidai muryar mutum ɗan shekara sittin.