Hotunan kwaikwayon yaƙi da sojojin Burma da aka manta

A duk watan Yuni, garuruwan gaɓar tekun Nomandi a Faransa kan cika da mutane sanye da kakin soja irin na shekarun 1940, suna yawo a tsofaffin motocin yaƙi, domin tuna ranar 6 ga Yuni, 1944, da dakarun ƙawance suka sauka a can don fatattakar sojojin Jamus. A Ingila ma ana shirya irin waɗannan bukukuwa a ƙauyuka da tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa. A gefen irin wannan taro akan sami mai ɗaukar hoto da ya mai da abin sana'a. Yakan ba da hayar kaki da hula, ya gyara wa mata gashi irin na wancan zamani, ya wanke hoto baƙi da fari, sannan ya sanar da farashi da ranar taro na gaba a shafinsa na intanet.

Sana'a ce ta halal, kuma tana sa matasa tambayar abin da ya faru da kakanninsu. Sai dai kasuwa ce ke zaɓar wanda za a tuna. Mai hoto yana ɗaukar wanda ya biya, wanda ya biya kuwa kakansa yake kwaikwayo. Da haka Yaƙin Duniya na Biyu ya koma a idon mai kallo tamkar yaƙin Turawa zalla, alhali dubun-dubatar 'yan Afirka sun yi shi da jininsu.

Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Nijeriya ke da kaso mai tsoka a cikinsu, sun gwabza da sojojin Japan a dazuzzukan Burma a 1944 da 1945, tun daga kwarin Kaladan har zuwa Myohaung. Hausa ce harshen da sojojin Nijeriya da yawa ke magana da juna da shi a lokacin. Sunayen wuraren suna nan a barikokinmu: Arakan, Myohaung da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna. Barikin Chindit na Zariya kuma ya ci sunan dakarun da bataliyoyin Nijeriya suka yi yaƙi a cikinsu a 1944. Amma mutum nawa ne cikin masu wucewa ta ƙofar waɗannan barikoki suka san asalin sunayen?

Ba za a ɗora wa mai hoto na Ingila laifin wannan giɓi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu ɗaukar hoto na Abuja, Kano da Kaduna sun riga sun ƙware wajen shirya hotunan kafin biki da kayan gargajiya. Wannan ƙwarewa za ta iya yi wa tarihi aiki. Gidan adana kayan yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan yana da hotunan sojojin Afirka ta Yamma a Burma, inda za a ga ainihin kaki da hula da kayan da suka ɗauka a ka. Wasu gidaje kuma har yau suna ajiye da lambobin yabo da takardun sallama na kakanninsu. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, lokaci ne da ya dace da baje kolin irin wannan aiki, musamman idan rundunar soja ta ba da izinin amfani da kaki da filayenta.

Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a yi wasa da shi ba. Duk hoton kwaikwayo a rubuta a jikinsa shekarar da aka ɗauke shi, da bayanin cewa kwaikwayo ne, domin hoto baƙi da fari idan ya shiga WhatsApp ba shaida, cikin kwana biyu sai ya zama hujjar tarihi. Mutanen da suka bar gonakinsu suka tsallaka teku zuwa Burma sun cancanci a tuna da su, kuma a tuna da su bisa gaskiya.