Ɗalibanmu Sun Fito Aiki, Ina Dattawa?

Duk wanda ke zaune a Samaru ko Sabon Gari ya saba ganin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello masu bi, yawancinsu 'yan zumuntar FCS, suna fita da tsintsiya da allo da kwalin magani. Suna gaida marasa lafiya, suna yashe kwata, suna koya wa yara karatu. Mun gode wa Allah dominsu. Amma akwai maganar da ya kamata mu gaya wa kanmu, mu dattawa, kafin mu gaya wa yaran.

Aikin nan ya girmi jami'ar kanta. An buɗe ta a 1962, FCS kuwa an kafa ta a 1957. Tun 1905 Dakta Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya da magani da makaranta, kafin mishan ɗin CMS ya koma Wusasa a 1929. Abin da ya sa aka saurare shi, ya koyi Hausa sosai, har ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932. Daga makarantar Wusasa Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Da yawa cikin ɗaliban nan daga Kudu suke, ko daga garuruwan da Hausar kasuwa kaɗai ake yi. Zuciyarsu fari ƙal, amma sai su shiga ƙauye kamar Bomo ko Basawa da Turanci da lasifika, ba su fara gaida mai unguwa ba, ba su san saurayi ba ya faɗa wa gidan mutane ba sallama ba. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya koya musu. Mu da aka haifa a nan, muke cin kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, muke zuwa sunansu suna zuwa ta'aziyyarmu, muna zaune a majami'a muna kallo.

Kada mu manta da Maris na 1987. Daga taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan rigima ta tashi, cikin kwanaki kaɗan ta iso Zariya, aka ƙone majami'u masu yawa. Ɗalibi yakan gama karatunsa ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ƙaramar ikilisiyar ƙauye ita za ta zauna da abin da ya bari, mai daɗi ko mai ɗaci.

Wata magana kuma, wadda wasu ba za su so ta ba: magani kada ya zama ƙugiyar kamun kifi. Idan an ce an kawo gwajin hawan jini kyauta, a gwada kowa, kada a sa wa kowa sharaɗin zama ya ji wa'azi tukuna. Mutanen karkara ba yara ba ne, suna gane wayo tun daga nesa, kuma in sun gane, sunan Almasihu ne ke ɓaci.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa ta keɓe mutum biyu masu jin Hausa da sanin gari, su raka ɗalibai, su shige gaba wajen neman izinin dagaci. Zumuntar mata ta ɗauki sashen cikin gida. A kuma ware wani abu daga baiko don kuɗin mota da abinci, domin yaran nan daga kuɗin guzurinsu suke cirewa. Shugabannin ɗalibai kuma su sanar da faston yankin aƙalla mako biyu kafin ranar fita.